Kai mai son buɗe duron zuwa mita 500

Ka turo min saƙo tsakar dare wai Oga za ku je Jos da abokanka hawan duwatsun Shere, ka lura duron ɗin, Mini 2, yana tsayawa cak a mita 120 ya ƙi ƙara hawa, dutsen kuma ya fi haka tsawo, shin ka shiga saiti ka buɗe shi zuwa 500 ne ko yaya. Na karanta na kife wayar ban amsa ba sai yanzu, don tambayar nan ta fama min wani tsohon miki, kuma da na amsa a daren da zagi kawai za ka sha.

To saurara. Lambar tsayin nan da kake gani a gefen sikirin, jirgin bai san ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba, daga inda ya ɗaga yake ƙirgawa, nauyin iska yake aunawa ya ce maka ga yadda na yi sama da wurin da na tashi, shikenan iliminsa. A filin ɗaurin aure cikin Kano ko Zariya wannan ba matsala ba ce tunda ƙasa a shimfiɗe take. Amma ka tashi daga gindin dutse ka hau mita 120 ka nufi dutsen, sikirin na ce maka 120 alhali tsakaninka da dutse bai fi taku goma ba. Ka tashi daga kan dutse kuma ka miƙe ta kan kwari, sikirin na ce maka 40, ƙasa kuwa tana can mita ɗari uku ƙarƙashinka. Doka kuma da ƙasar da ke ƙarƙashin jirgin take lissafi. A Amurka ƙafa 400 ce daga ƙasa, a Turai mita 120 daga wuri mafi kusa na doron ƙasa, duk abu ɗaya ne, kuma dalilin shi ne jiragen da ke ɗauke da mutane ba a son su sauko ƙasa da ƙafa 500 sai wajen tashi da sauka, sai aka bar ɗan fili tsakaninmu da su. Don haka buɗe saitin ya wuce 120 don ka bi gangaren dutse kana hawa kusa da jikinsa wani abu ne daban, buɗe shi don ka cilla sama ka ɗauki gajimare ka saka a TikTok wannan kuma haukar yaran yanzu ce.

Bari in gaya maka abin da dutse ya ci min.

Kafin ka zo akwai wani yaro da na riƙe, ba zan faɗi sunansa ba don babansa mutumin kirki ne. Lokacin Phantom 3 Professional gare ni, dala tana wajen naira 360, babur ɗina na sayar na haɗa da kuɗin adashe na saye shi, kuma a lokacin in ka ɗaga wannan farin jirgin a wajen biki wallahi har amarya mantawa ake yi da ita kowa sama yake kallo. Sai wani Alhaji mai yanka filaye ya kira ni, yana da wani fili a bayan gari a gindin wani dutse, yana son bidiyon talla. Muka yi ciniki ya ba da rabi, rabi sai an gama. Muka je da rana cikin hunturu, na ɗaukar masa komai, iyakar filin, titin da ya bi ta gefe, turakun wuta, har wata rijiyar burtsatse da ba tasa ba ya ce in saka na saka. Da na gama sai ya ce yana son jirgin ya zagaya dutsen gaba ɗaya ya ɓullo ta ɗaya gefen sannan filin ya bayyana, wai haka ya gani a bidiyon wasu 'yan Dubai. Na ce Alhaji ba a yin haka daga nan, in jirgi ya shiga bayan dutse rimot ba ya jin sa, sai dai mu hau dutsen gobe da safe in tsaya inda nake ganin ɓangarorin biyu. Ya ce to. Na sauke jirgin na sa sabon batir saboda hoton faɗuwar rana da za mu ɗauka, na ce wa yaron ya tsare kaya, na tafi wani ɗan masallaci da ke bakin titi in yi la'asar.

Ina cikin raka'a ta uku na ji ƙarar farfela.

Ashe ina juya baya Alhajin nan ya matso ya dafa yaron, ya ce ai kai ma ka iya, ogan naka tsoro ne da shi, tsufa ya fara kama shi, ya zaro dubu biyu ya soka masa a aljihu. Dubu biyu fa. Yaro ya ga abokan Alhaji na kallonsa kai ya kumbura, ya ɗaga jirgi ya kai wajen mita 60 ya bi ta gefen dutse. Ko da na iso a guje takalmi a hannu, rimot na ta tsuwa, sikirin ya koma toka-toka, hoton ƙarshe ya daskare a kan wata bishiyar marke da rabin dutse, yaron na ta murza sanduna hannu na rawa, ba abin da ke motsi. Alhaji kuwa har yana tambaya wai ya ɓullo ne?

Ka san abin da jirgi yake yi in sigina ta yanke, ya ɗan jira, sannan ya kama hanyar gida da kansa, RTH ɗin nan. In yana ƙasa da tsayin da ka saita masa sai ya hau ya kai tsayin, in kuma yana sama da shi sai ya taho a yadda yake. Saitin nawa yana kan mita 30 don aikin fili ne muka zo yi, jirgin kuma yana 60, sai ya juyo ya miƙe sak zuwa inda ya tashi kamar makahon da aka saita wa hanya, dutse kuma na tsakiya. Phantom 3 ba shi da ido a gaba, kuma ka rubuta wannan ka ajiye, Mini 2 ɗin da ke hannunka ma ba shi da shi, na ƙasa kawai gare shi. Ba mu ji ko ƙarar faɗuwarsa ba.

Muka yi ta nema har magariba ta rufa, ƙaya duk ta yayyage min wando. Washegari wani ɗan Fulani mai kiwo ya kai mu wurin, Allah Ya saka wa yaron nan, ko kwabo bai nema ba sai da na matsa masa. Hannu biyu sun karye, gimbal, wato mariƙin kamara, ya tsinke yana lilo a jikin wayarsa, gilashin kamara ya yi raga-raga, batir ya yi tsalle can gefe ya kumbura. Memori ne kaɗai ya tsira. Nan ne kuma aka yi min cutar da ta fi faɗuwar zafi. Alhaji ya zo da fuskar jaje, ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya ce in ba shi memorin ya kalla a gida ya ga ko akwai abin da za a iya amfani da shi. Kwana biyu ya aiko direba ya dawo min da shi. Na nemi cikon kuɗina ya ce wane ciko, ai aiki bai kammala ba tunda ba a zagaya dutse ba. Na ce to jirgin fa? Ya ce shi ya taɓa rimot? Muka je gaban mai unguwa ya rantse bai taɓa rimot ba, kuma gaskiya ne bai taɓa ba, ka ga irin rantsuwar 'yan duniya. Yaron da zai ba da shaida aka nemi shi aka rasa, ya gudu wajen kawunsa. Bayan sati uku ina duba Facebook sai ga bidiyona, filin nan, turakun nan, har rijiyar da ba tasa ba, an ɗora kiɗa an manna tambarin wani situdiyo a kusurwa. Har yau in na bi ta hanyar nan na ga gidajen da aka gina a wurin sai na ji ɗaci a bakina. Shekara guda ina karɓar hayar jirgi a hannun yaran da ni na koya musu riƙe rimot.

Shi ya sa ba na bari kowa ya tsaya a bayanka yana gaya maka inda za ka kai jirgi, kuma abokan nan naka da za ku tafi tare su ne Alhajinka, za su ce kai ƙara sama mana, shiga ta tsakanin duwatsun can mana, in ya faɗi su yi dariya su ɗauke ka bidiyo kana kuka.

Yanzu maganar Shere. Ba zan tsaya koya maka cajin batir da jiran GPS ya kama ba, wanda bai san wannan ba ya koma ɗaukar hoton fasfo. Ka buɗe Google Earth tun kana gida, ka duba tsayin wurin da za ka tsaya da tsayin ƙololuwar da ke kusa, ka ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage ka ƙara masa mita talatin ko arba'in saboda bishiyoyi da kuskuren awo, wannan shi ne tsayin RTH ɗinka. Kuma RTH ba ya wuce iyakar tsayin da ka saita wa jirgin, to in lissafi ya ba ka 180 dole iyakar ta kai nan, wannan ne kaɗai dalilin da na yarda ka taɓa 120 ɗin. In lissafi ya ba ka 350 kuwa ka tsaya a wurin da bai dace ba, ɗauki jakarka ka hau da ƙafa, ai ƙafar ba ado ba ce. Ni na fi son in hau in tashi daga sama ko daga kafaɗar dutse inda idona ke kan jirgin ko ta ina ya bi. Sai dai tashi daga sama ma yana da nasa tarkon, za ka gangara kwari sikirin ya nuna maka lamba da alamar ɗebewa, kana jin daɗin hoto ka manta duk mitan da ka sauka sai ka hau su kafin ka dawo, hawa kuma shi ke shan batir. In batir ya kai ƙarshe jirgin ba ya shawara da kai, sauka yake yi a inda yake, ko kan rami ne. Haka in ka cilla sama sosai, saukowar Mini 2 ba ta wuce mita uku zuwa uku da rabi a daƙiƙa, daga 400 ka yi lissafi da kanka, wajen minti biyu kana kallon batir na zuba.

Minti 31 da aka rubuta a kwali ka manta da shi. Garin Jos kansa yana wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, iskar can ba ta da kauri irin ta Kano, farfela sai ta ƙara gudu kafin ta riƙe jirgin, ga sanyin safiya da ke kashe wa batir jiki. Kamfani ya ce jirgin na iya tashi har mita 4,000 sama da teku, eh zai tashi, amma ba su ce zai daɗe ba. Ka sa batiran a aljihun rigar sanyinka su ji ɗumin jiki har lokacin da za ka sa su, in ka ɗaga ka bar shi ya tsaya a gabanka kamar minti ɗaya ka ga yadda yake. Ni a dutse da batir ya kai rabi nake juyowa, kai da yake hannunka bai nuna ba ka juyo yana saura kashi 60 cikin ɗari.

Iska kuma ita ce babbar. Jirgin giram 249 ne, ƙarfinsa a iska bai wuce mita goma da rabi a daƙiƙa ba, kuma iskar da kake ji a fuskarka a ƙasa ba ita ce a saman dutse ba, can ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman yanzu da hunturu ke busowa daga arewa maso gabas. Gefen da iska ke bugawa tana ɗaga jirgi sama, wannan da sauƙi. Gefen da ke bayan dutse, inda kake ganin kamar lafiya lau, nan take murɗawa tana danno jirgi ƙasa, kana tura sanda sama yana ƙin hawa. Ka fita kana fuskantar iska ka dawo tana tura ka, in ka yi akasin haka za ka ga jirgi na kallon gida yana ja da baya. In ya ce maka kompas na da matsala kar ka yi masa gardama, ka matsa daga kan wannan dutsen ka sake wuri. In ka ga shaho ko shirwa ta fara zagaye a samansa, bar wajen ka dawo, su ba su san kuɗinsa ba. Hazo ma, in ka daina ganin jirgin da idonka to ka yi nisa, ko sikirin na nuna maka komai garau.

Sai maganar hukuma, wadda ku yaran yanzu kuke ɗauka wasa. Tun 2016 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ta ce ba a ɗaga duron a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Na san kowa na tashi a biki ba wanda ya tambaye shi, amma Filato ba wajen biki ba ne, jiha ce da jami'an tsaro ke ko'ina, ga barikin Rukuba, ga filin jirgi a Heipang, a Shere ɗin ma akwai makarantar horaswa ta Man O' War. Ka fara zuwa ka gaida mutanen wurin, ka gaya musu abin da ya kawo ka, in an ce kar ka tashi ka naɗe kayanka ka ɗauki hoto da waya. In soja ya karɓe jirgin kar ka kira ni, ban san kowa ba.

Batira biyu zan ba ka cikin ukun, ɗayan ya fara kumbura ban yarda da shi a sanyi ba. Memori kuma in wani ya ce ka ba shi ya kalla a gida ka ce Oga ya hana. Ka dawo min da kaya ranar Laraba, Alhamis muna da kamu a Gwammaja.