Hukuncin tura yaro gyaran hali a cikin jeji

Tambaya: Malam, a Amurka nake zaune. Ɗana mai shekara 16 ya kama shan wiwi, ya daina zuwa makaranta. An ba ni shawarar wani sansanin gyaran hali a jejin jihar Utah, inda zai yi wata biyu zuwa uku. Mutanensu ne za su zo su ɗauke shi cikin dare ba da saninsa ba. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya shirya maka shi, Ya sanyaya zuciyarka. Neman magani halal ne, raba yaro da abokan banza kuma hakkinsa ne a kanka.

Maganarka ta ƙarshe ita ta tsayar da ni. Ƙarti su shigo ɗakin yaro yana barci, su tasa ƙeyarsa zuwa mota, ubansa na tsaye yana kallo? A hadisin Abu Dawuda, igiya kawai aka zare wa wani sahabi yana barci, ya farka a firgice, Annabi (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Ɗaukar dare ba ta halatta ba, sai in ana tsoron zai halaka kansa ko wani, wannan kuwa aikin asibiti ne.

Wasu za su ce maka uba na da ikon ladabtarwa, har su kawo hadisin dukan yaro a kan salla in ya kai shekara goma. Wannan hujja ba ta kai inda suke jan ta ba. Duka ne mara cutarwa, kuma malamanmu sun sharɗanta a yi zaton zai amfanar. Yunwa, sanyi, da hana yaro jin muryar mahaifiyarsa na makonni ba su shiga ciki ba. Abin da kai ba ka mallaka ba, wakilinka ba zai mallaka ba, ko nawa ka biya shi. Da irin wannan hujjar aka riƙa kai yara gidan mari, har 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. Can inda kake ma, a 2024 yaro ɗan shekara 12 ya rasu kwana ɗaya da kai shi irin wannan sansani a Arewacin Karolina, hukuma ta soke lasisin wurin.

In likita ya ga sai an kwantar da shi, ka nemi wuri mai lasisi wanda za ka iya shiga ka gan shi, ya kira ku a waya ba mai saurare, ya yi sallarsa, ya ci halal. Ka kai shi da kanka, da rana, bayan ka gaya masa gaskiya.

Sannan ban ji ka ambaci mahaifiyarsa ba. Ta yarda? Kuma yaushe rabon da ka zauna da shi ba don faɗa ba? Sau da yawa wiwi rufi ne kawai, akwai damuwa a ƙarƙashinta. Ka fara da wannan zaman a makon nan, kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Wallahu a'alam.