Fitilar bango mai hannu biyu: ɗaya na gas, ɗaya na lantarki

Tambaya: Na sayi tsohuwar fitilar bango ta tagulla a kasuwar gwanjo. Hannu biyu gare ta, ɗaya ya kalli sama yana da ɗan makulli kamar na famfo, ɗayan ya kalli ƙasa da wurin ɗaura ƙwai. Me ya sa aka yi ta haka, kuma zan iya haɗa mata wuta?

Amsa: Malam, in dai ta asali ce, ka yi tsintuwa. Irin wannan fitila ta yi tashe a gidajen Amurka da Ingila tun wajen 1890 har zuwa farkon ƙarni na 20, lokacin da lantarki bai gama samun amincewar mutane ba. Hannun da ya kalli sama na gas ne, don harshen wuta sama yake tashi, makullin nan kuwa shi ke buɗe bututun. Ƙwan lantarki ba ruwansa da wannan, shi ya sa aka juyar da shi ƙasa ya haske ɗaki.

A 1879 Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila suka nuna ƙwansu, a 1880 aka sa na Swan a wani gida mai suna Cragside a Ingila, sai tashar Pearl Street ta fara ba gidajen New York wuta a 1882. Amma wutar ba ta da tabbas, wasu tashoshin ma da dare kawai suke aiki. Maigida sai ya riƙe gas ɗinsa, ana ɗauke wuta ya ƙyasta ashana. Mu da muke ajiye aci-bal-bal kusa da gado mun san wannan hali.

Ka fara gwada ta da maganaɗisu. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa fenti.

Batun haɗa wuta kuwa, don Allah kada ka jona ta yadda take. Wayoyin zamanin da roba aka rufe su aka naɗe da zare, yanzu taɓa su kaɗan sai su marmashe a hannunka, ga jikin fitilar duk ƙarfe. Ka kai wa ƙwararren mai aikin wuta ya zare tsohuwar waya duka, ya sa sabuwa da wayar da ke sauke wuta ƙasa, ya canza mazaunin ƙwan zuwa mai ɗaukar wutarmu mai ƙarfin volt 230.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu dirje ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli. Duhun nan da ke jikinta shekaru ɗari suka yi shi, kuma masu saye shi suke nema. Tsumma mai laushi ya wadatar.