Ku Tambayi Anti: Shago zan shiga ko makaranta?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki ban shawara. Shekarata biyu da gama sakandare, na zana JAMB sau biyu ban samu gurbi ba, ni kuma gaskiya ɗinki nake so, irin na masu fito da sabon yayi. Baba ya ce sai dai makaranta mai takarda, Umma ta ce in je shagon maƙociyarmu. Wanne zan bi? Daga 'yarki a Gombe.

AMSA: Wa alaikissalam 'yata. Ki bi ta Umma tukuna, amma da sharaɗi. Kafin ki fara zuwa a zauna da mai shagon gaban manya a yi magana ƙarara, wata nawa za ki yi, nawa za a biya, kuma yaushe za ta ɗora ki kan awo da yanka. Wallahi na sha ganin yarinya ta shekara biyu a shago daga guga sai sa maɓalli sai aike, keke kam ta iya takawa amma miƙa mata leshin mutane ki ce ta yanka sai hannu ya hau rawa, to kin ga wannan ba a yaye ta da komai ba. Sirrin sana'ar nan yana bakin almakashi, wasu kuma da gangan suke ɓoye shi kar ki buɗe naki ki kwashe musu kwastomomi.

Takardar da Baba yake so ita ma tana da hanya ba sai ta JAMB ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana gwajin sana'a mai matakai 3, akwai jarrabawar NABTEB ta fannin sana'a da kasuwanci, sannan NDE (hukumar samar da aikin yi ta ƙasa) da ITF (hukumar horar da ma'aikatan masana'antu) suna ɗaukar matasa koyon sana'a, ki dinga leƙa ofishinsu na jiha ki ji lokacin rajista. In kuma Allah ya sa JAMB ta yi kyau, wasu foliteknik irin Yabatech ta Legas suna da kwas ɗin zane da ɗinkin tufafi, difloma shekara 2.

Batun jari kar ya hana ki barci, keken ɗinki Butterfly na hannu ma ya isa farawa a tsakar gida. Ki fara da kayan ƙannenki, ki ɗau hoto mai kyau ki sa a status. Amma ɗinkin sallah kar ki karɓi fiye da ƙarfinki a shekarar farko, in kika saɓa wa mace ɗaya alkawari duk unguwa sai ta ji.