Ki Rubuta, Amma Ki Bar wa Gizo Tsamin Bakinsa

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ga hotunan littattafan da kika ɗauko mini a waya. Kin ce kin saya wa yaranki littattafan Turawa masu zane, waɗanda aka ɗauko tsofaffin labaran dabbobin gida aka sake su don ban dariya, yaran sun maƙale musu, har ke ma sha'awa ta kama ki ki yi irinsu da tatsuniyoyinmu. Abin da ya tsayar da ke biyu ne: ko al'ada ta yarda a canza tatsuniya, da kuma maganar da kika taso kina ji cewa ba a yin ta da rana, ga shi littafi ba ruwansa da dare ko rana. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki taɓa.

Ta ranar ita ce mai sauƙi. A gidanmu cewa ake yi wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, in kuma ya zama dole sai an ɗaure Gizo tukuna. Sai a sami tsinke ko bakin zane a ƙulla, a ce an ɗaure shi, sannan a fara. Da na girma na gane hikimar. Rana ta aiki ce: surfe, daka, ɗebo ruwa, kai abinci gona, makarantar allo. Yaron da aka zaunar da hantsi ana ba shi labarin kura ba zai kai akuya kiwo ba. Tun ina aikin koyarwa muke karanta tatsuniya a aji da ƙarfe goma na safe. Amma ki riƙe daren in kin samu hali, don tatsuniyar bayan sallar isha'i, an ci tuwo an shimfiɗa tabarma, daɗinta daban ne. In kuma da rana ne, ki sa su ɗaure Gizon da hannunsu. Za ki ga yadda za su so abin.

Maganar canzawa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Tatsuniya ba nassi ba ce. Kakata da kishiyarta, Allah ya jiƙansu, gida ɗaya suke, amma labarin Gizo da hankaki kowace da yadda take kai shi. Duka biyun sun yarda hankaki sun ara wa Gizo fukafukai sun kai shi bishiyar ɓaure a tsakiyar ruwa, ya hana su ci saboda haɗama, suka ƙwace gashinsu suka bar shi. Daga nan sai hanya ta rabu. Ɗaya ta jefa shi ruwa wurin kada, ɗaya ta tsaya tana ta kwaikwayon kukansa har mu yi ta birgima. Ba wanda ya taɓa cewa wata ta yi laifi. Ki tuna kuma da labarin jaki da akuya da kare da suka shiga mota. Jaki ya biya kuɗinsa cif, shi ya sa ba ya kauce wa mota a hanya. Akuya ta sauka ba ta biya ba, shi ya sa da ta ji ƙarar mota sai gudu. Kare ya biya ba a ba shi canji ba, har yau yana bin direba da haushi. Zamanin kakannin kakanninmu akwai mota? Wani ne ya zauna ya ƙaga, ya yi daɗi, ya shiga bakin mutane.

Sa tatsuniya a takarda ma ba yau aka fara ba. Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, daga abin da malamai suka rubuta. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, da su muka koyar da yara masu yawa. Abubakar Imam kuwa, da ya fara fitar da Magana Jari Ce a 1937, labaran Larabawa da na Turawa ya ɗebo da dama, ya sa musu riga da hula har mai karatu ya ɗauka a Hausa aka haife su. To abin da kike so ki yi, manya sun riga sun share hanyarsa.

Sai dai akwai abin da nake so ki lura da shi a littafin jar kazar nan da ke cikin waɗanda kika turo. Na san asalin labarin. Kaza ta tsinci ƙwayar alkama, ta ce wa zai taya ta shuka, kowa ya ce ba ni ba. Girbi, ba ni ba. Niƙa, ba ni ba. Da burodi ya gasu kowa ya ce ni, ta ce a'a, ta ci da 'yan tsakinta. A wanda kika turo na ga an sa mata tabarau da ƙyallen girki, agwagwa ta miƙe ƙafa a kujera, kuma zanen ya ba ni dariya ƙwarai. Amma a shafin ƙarshe sai na ga duk sun zauna suna ci tare, ba wanda ya ji ko kunya. Nan ne ban gamsu ba. An bar dariyar, an zare ƙashin bayan labarin.

In za ki kawo shi Hausa, abu biyu za su tare ki. Na farko, kaza a wurinmu ba ita ce gwanar aiki ba. Mu cewa muke yi kaza ci ki goge baki, wato marar godiya ce. Na biyu, yaron Bahaushe da aka koya wa cewa ba a cin abinci a gaban mutum ba a ce masa bismilla ba, zai ga kazar nan marowaciya ce. Da ni ce, sai in mai da shi gayya. Ta kira gayyar noman gero, bunsuru ya ce ƙafarsa ke ciwo, jaki ya ce an aike shi, kyanwa ta yi kamar barci take. Ranar da aka dama fura ta sha nono, sai ga su a ƙofa da ludayinsu. Ta ce musu bismilla kamar yadda aka saba, amma 'yan tsaki su dinga tambaya da ƙarfi, "Inna, ba wannan ne mai ciwon ƙafa ba?" Mai zane ya nuna bunsuru yana ɗingishi da ƙafar dama, alhali ɗazu ta hagu ya ɗaure. Yara za su gano da kansu kafin ki faɗa, su yi ta ihu. An yi dariya, an kuma ji kunyar. Labarin aladu ukun nan na Turawa kuwa ki bar musu abinsu, muna da tumaki da zabi sun ishe mu.

Halin dabbobi shi ne abin da ba na so ki taɓa. Kura ta zauna da kwaɗayinta da tsoronta, dila malamin daji ne, zaki sarki ne, Ƙoƙi tana ta haƙuri da mijinta. Yaro da ya ji an ce kura ta zo ya riga ya san za a yi wauta, dariyarsa tun daga nan take farawa. In kika mai da kura mai kirki don kada yara su tsorata, gobe aka ce masa an ba kura ajiyar nama ba zai gane ba. Gizo kuma ki rubuta shi da tsamin bakinsa. "Yanka ya daɗe, shayki," haka yake gaida sarki. Kada wani mai gyaran rubutu ya ce kuskure ne ya daidaita miki. Wajen zana shi ki yi shawara da yaran, domin mu da muka ji shi a duhu kowa da irin Gizon da ya gani, wani ya ga mai ƙafa takwas, wani ya ga ɗan siririn mutum mai ƙaton ciki.

Shafin farko ki sa "Ga ta nan, ga ta nanku," ki bar na biyu ga yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Kada uwa ta juya shafi sai sun amsa. Inda akwai waƙa ki rubuta ta da manyan baƙaƙe, a maimaita ta sau uku kamar yadda ake yi, don ɗan shekara uku waƙar yake fara riƙewa kafin labarin. A ƙarshe ki rufe da "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wannan rufewar ita ke shaida wa yaro cewa an fito daga duniyar da akuya ke magana, an dawo gida.

Waƙoƙin ne ba za su rubutu a saƙo ba, sai an ji muryar. In kun zo hutun Sallah ki taho da wayarki da caji, ki kawo yaran su kwana a ɗakina. Akwai guda huɗu da nake tunawa daga bakin kakata, zan rera miki ki naɗa. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan jikokina.

Gwaggonki