Faɗuwar gaba da gajiyar da barci ba ya warewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce a cikin garin Gombe, shekarata 38, ina da 'ya'ya huɗu, kuma ni ke jinyar surukata. Kusan wata bakwai ke nan gabana yana yawan faɗuwa ba gaira ba dalili, zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi, barci kuma ba ya ɗaukata sai wajen ƙarfe biyu na dare. Aikin da na shekara 12 ina ƙauna, yanzu ko ƙofar aji ba na son gani. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce raunin imani ne. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar barci, ina sha kullum. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da alheri bisa jinyar da kike yi. Ba zan yanke miki hukuncin cuta ta wasiƙa ba, sai dai bayaninki ya nuna abubuwa biyu da suka saba tafiya tare, wato matsananciyar fargaba da gajiyar aiki mai cin rai.

Bari in fara da gajiyar, domin ina ganin ita ce tushe. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin halin da wahalar aiki mai tsawo ke jefa mutum a ciki idan ba a shawo kanta ba, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Ɗaya daga ciki kin faɗe ta da bakinki. Malamai da ma'aikatan jinya suna cikin waɗanda ta fi kamawa, saboda aikinsu na bayarwa ne tun safe har yamma, ke kuwa idan kin tashi daga makaranta wani aikin ne ke jiranki a gida, ga girki, ga yara, ga maras lafiya.

Ita kuwa faɗuwar gaba tana da sababi a cikin jiki. Idan mutum ya ga haɗari, jikinsa yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, domin ya gudu ko ya kare kansa. Wanda ya daɗe cikin matsi, jikinsa yakan riƙa yin wannan shiri ko da babu haɗarin komai, shi ya sa gabanki ke faɗuwa kina zaune a tsakar gida. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya a 2019, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Maganar raunin imani ina roƙonki ki ajiye ta. Addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki tana cikin addu'o'in da Annabi (SAW) ya koyar, kuma shi ne ya ce jikin mutum yana da haƙƙi a kansa. Ki ci gaba da azkar da karatun Alƙur'ani, suna kwantar da hankali ƙwarai, ki haɗa da zuwa asibiti kamar yadda mai hawan jini yake yi.

A asibiti a fara da gwajin jini. Ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga matan da suka yi haihuwa da dama, yana kawo bugun zuciya da kasala. Haka ma halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, idan aikinta ya wuce kima takan kawo rawar hannu, rama, gumi da rashin barci, har a ɗauka fargaba ce. A auna hawan jini da sukari. Idan duk waɗannan lafiya lau suke, sai ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Na san yadda mutane ke jin nauyin wannan sashe, suna ɗauka na masu taɓin hankali ne kaɗai, alhali da yawa daga masu zuwa wurinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan aure irinki. Akwai magani ta hanyar tattaunawa, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke rura masa tsoro da yadda zai sauya shi, akwai kuma ƙwayoyin da ba sa zame wa mutum jaraba, waɗanda sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu.

Abin da ke hannunki a gida shi ne rage kaya, kuma a nan ne na fi so ki tsaya ki yi tunani. Mace a wurinmu takan ji kunyar cewa ta gaji, musamman idan jinyar uwar miji ce, don kada a ce ta gaza. Amma jinyar nan haƙƙi ce a kan 'ya'yanta maza da mata baki ɗaya. Ki zauna da maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki gaya masa abin da kika gaya mini, ki nemi a raba kwanakin jinya tsakanin dangi, ko da kwana biyu ne a mako za a ɗauke miki. Manyan yaranki su karɓi wanke-wanke da shara. A makaranta kuma, duk wani ƙarin aikin da bai zama dole ba ki nemi uzuri a wannan zangon. Dabarun numfashi da motsa jiki ba za su yi tasiri sosai ba muddin nauyin yana nan yadda yake.

Ki bar goro da shayi mai kauri daga azahar, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana daɗewa a jini awanni da yawa, yana ƙara bugun zuciya, yana kore barci. Ki ajiye waya bayan sallar isha'i, ki tsayar da lokacin kwanciya ɗaya, ki nemi barcin awa bakwai zuwa tara. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar idan ranar Gombe ta yi sauƙi, tana rage fargaba. Idan gabanki ya faɗi, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, ki maimaita na minti biyar. Ki kuma sami aminiya ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa buɗe wa cikinki.

Ƙwayar kemis ɗin nan ita ta fi tayar mini da hankali. Idan irin su diyazefam ce, jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, kuma yanke ta dare ɗaya na iya jawo rawar jiki, tsananin fargaba, har da jijjiga. Saboda haka kada ki ƙara yawanta, kada kuma ki daina da kanki. Likita ne zai tsara miki yadda za a janye ta sannu a hankali. Idan kuwa kika ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi ya sarƙe, ko tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa miki, kada ki jira ranar ganin likita, ki gaya wa maigida ko wata 'yar'uwa a kai ki sashen gaggawa a ranar. Duk ranar da za ki je, ki tafi da kwalin ƙwayar a jakarki domin a ga sunanta da ƙarfinta.