Shuɗin hoto ko na filatinam: wanne zai riƙe shagonka?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne, ina kuma sayar da firam. Na koyi wankin hoto da hannu irin na da, wanda ake shafa sinadari a takarda a shanya a rana ya fito shuɗi. Duk wanda ya gani sai ya yaba. Yanzu ina so in ci bashi in sayi kayan yin na filatinam, don na ji masu tara hotuna suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa. Ya kake gani?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan sana'a da ka koya, amma bashin nan ka dakata da shi. Ka ce ana yabawa, ba ka ce ana saye ba. Kafin komai ka buɗe littafinka ka duba mutum nawa suka sa hannu a aljihu, kuma nawa daga cikinsu suka dawo karo na biyu. Wannan adadin ne zai biya bashi.

Shuɗin hoton da kake yi, sayanotaif, Sir John Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1842, kuma tun 1843 Anna Atkins ta fara fitar da littafin tsirran teku da shi. Daga baya injiniyoyi suka shafe shekaru da dama suna kwafar zanen gini da shi, saboda arha ne. Gishirin ƙarfe iri biyu kawai ake haɗawa, rana ta yi aikinta, ruwa ya wanke. Ga ɗan kasuwa, wannan arhar ita ce babbar ni'ima: idan takarda ta lalace, asarar ba ta hana ka barci.

Filatinam ba haka yake ba. William Willis ya yi wa hanyar wankin hoto da shi rajista a 1873, kuma kyansa ba abin musu ba ne, launin toka mai taushi da ke daɗewa muddin takardar tana nan. Sai dai ƙarfe ne mai daraja, farashinsa yana bin kasuwar duniya, ba ruwansa da cinikin shagonka. A lokacin yaƙin duniya na farko ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, har masu hoto da yawa suka koma faladiyam, wani ƙarfe dangin filatinam, wasu suka bar aikin gaba ɗaya. Ɗigo-ɗigo ake auna shi, kuma danshin iska kaɗai kan canja sakamakon. Mai koyo dole ya ɓata takardu. Da kuɗin bashi za ka riƙa ɓata su, lokacin biya kuma yana ƙaratowa. Masu tara hotunan da ka ji labari, galibi sunan mai aikin suke saye, kuma suna ba ya samuwa cikin wata shida.

Inda na fi so mu tsaya shi ne farashin abin da ka riga ka iya, don nan ne masu aikin hannu suka fi cutar kansu. Bi aikin daki-daki. Ka gyara hoton a kwamfuta, ka juya shi nagetif, wato fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ka buga a farar leda mai ganin ciki, kuma tilas girmansa ya zo daidai da girman hoton da kake so, tunda manna shi ake yi a jikin takarda. Ka shafa ruwan nan mai launin rawaya-kore da buroshi, ka bar shi ya bushe inda rana ba ta shiga. Ka danne da gilashi ka fitar. Kana tsaye kana kallon gefen takardar yana rikiɗa zuwa toka-toka, ka ɗauke, ka wanke har rawayan ya fita daga wuraren da ya kamata su zama fari. Shuɗin ma ba ya kai ƙarshen duhunsa sai ya sha iska. Duk wannan lokacinka ne, kuma ya fi sinadarin tsada nesa ba kusa ba. Ka yanka wa kanka ladan awa ɗaya, ka ninka da awannin da hoton ya ci. Sannan ka ƙidaya ɓarna: idan ka shafa takarda 10, guda 7 suka fito yadda za ka iya sayarwa, to kuɗin 10 ɗin za ka raba a kan 7. Ranar da hadari ya rufe rana ma tana cikin lissafi. Idan odar ta fara yawa, akwatin fitila mai hasken da ke ƙona sinadarin shi ne abin da ya cancanci ka fara saye, domin zai ba ka damar cika alkawari ko da damina, kuma zai yi maka aiki ranar da ka koma filatinam.

Kada ka gwada farashinka da na hoton firinta. Wanda yake neman arha can zai je, ka ƙyale shi. Naka mai sayen shi ne wanda zai kawo tsohon hoton mahaifiyarsa yana so a mayar da shi abin ratayewa da babu irinsa. Ka karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya, ka kuma gaya masa tun farko cewa kwafi biyu ba sa fitowa iri ɗaya sak. In ka rubuta a ƙasan hoto cewa guda 15 kaɗai za ka yi, to ka tsaya a 15 ko da an roƙe ka.

Sana'arka ta firam gata ce babba, sai dai akwai tarko a ciki. Yawancin takardu da kwalin firam masu inganci ana sa musu alli don kashe tsami, shi kuwa wannan shuɗin ba ya shiri da alli, dusashewa yake yi. Nemi wanda ba a sa wa ba, ka kuma faɗa wa mai saye kada ya rataye inda rana ke duka. Idan ya ɗan kwanta saboda haske, ajiye shi a duhu yakan dawo da yawancin launin. Hoto ɗaya da ya dusashe a bangon mutum ya isa ya kore maka mutum biyar da ba ka taɓa gani ba.

Koyarwa ma hanya ce ta samun kuɗi, wataƙila ta fi sayar da hoton saurin kawowa. Da sayanotaif kaɗai za ka yi ta, da safar hannu, kuma kada sinadarin ya haɗu da asid mai ƙarfi.

Idan har yanzu zuciyarka na kan launin filatinam, akwai tsani. Kalitaif, wata hanyar wankin hoto da hannu, yana amfani da gishirin ƙarfe irin wanda ake sawa a hoton filatinam, amma da azurfa a madadin filatinam ɗin, don haka hannunka zai saba da aikin a kan kuɗi kaɗan, kana iya kuma rina shi da ɗan faladiyam. Ka kiyaye idonka da ruwan azurfar, yana ƙuna. Duk wata ka ware wani kaso daga ribar shuɗin hoto. Ranar da wani ya ba ka odar filatinam ya biya kafin alƙalami, ka sayi ƙaramar kwalba daidai aikinsa, ka fara da ƙaramin hoto.