Takalmi a wurin horon faɗa: yadda muke yi a Makka da Jidda

Kawu, ka tambaya me ya sa yaranmu na nan wani lokaci ana ganinsu da takalmi a wurin horo, wani lokaci babu, alhali ɗan dambe a gida bai san takalmi a fage ba. Ba shagwaɓa ba ce. Daɓen da za a taka da irin wasan su ne ke yanke hukunci.

Fagen dambe da na kokawa rairayi ne. Idan mutum ya juya a kan ƙafa ɗaya, rairayin yana biyo shi. Mu kuwa a nan kusan duk horo a cikin ɗaki ake yi, da na'urar sanyaya iska, don da rani zafin Makka yana kai digiri 45. Ɗakin tayil ne, sai a shimfiɗa masa katifun roba masu haƙora da ke shiga juna, mita ɗaya mita ɗaya. Na karate da tekwando kaurinsu santimita 2 zuwa 2.5 ne, na judo kuwa 4 zuwa 5, saboda ana kayar da mutum a kansu.

A kan wannan shimfiɗa, karate da judo ba takalmi ake yinsu. Kambas na gudu yana da tudun dunduniya, tafinsa kuma yana cizon roba. Yaro ya ɗaga ƙafa zai kai shuri, ƙugunsa ya juya, takalmin ya kafe a ƙasa, sai murɗiyar ta sauka a gwiwa. Ga kuma abokin karawa. A wasan ƙarshe na karate a Olamfik ɗin Tokyo, a 2021, Tariƙ Hamidi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1 ya kai wa Sajjad Ganjzade na Iran shurin da ya sumar da shi, aka cire Hamidi daga wasan, ya tashi da lambar azurfa. Ƙafar nan ba takalmi take, soso ne kawai a bayanta. To ina ga an sa tafin roba mai gefe?

Damben safar hannu da kokawar Olamfik su da takalmi ake yi, amma nasu na musamman ne: tafi siriri shafaffe, wuya dogo mai riƙe idon sawu. 'Yan tekwando ma suna da wani mara nauyi da suke atisaye da shi, sai dai ana cire shi kafin karawa. Sharaɗin duka ɗaya ne, takalmin horo ba ya taka titi. A jaka ake zuwa da shi.

Inda aka fi samun matsala a wurinmu shi ne tsakanin banɗaki da shimfiɗa. Yawancin azuzuwa bayan La'asar ko bayan Magariba suke, yara suna alwala su shigo da ƙafa a jiƙe. Jiƙaƙƙiyar ƙafa tana santsi a kan roba, danshin da ya kwanta tsakanin yatsu kuma shi ke kawo ƙaiƙayi da ruɓewar fata. Makero ma a shimfiɗa yake yawo daga wannan yaro zuwa wancan. Shi ya sa mai horarwa da ya san aikinsa yake jera silifa a bakin shimfiɗa, daban da na banɗaki. Ka sauka, ka zura, ka dawo, ka tuɓe. Kowa da ɗan tawul ɗinsa, a goge tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ana goge shimfiɗar da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan an tashi, a bar ta ta bushe. Mai makero kuwa gida zai zauna har ya warke, ko iyayensa za su ji haushi.

Farce a yanke shi a miƙe, kada a zagaye gefensa, don kada ya shige nama. A riƙa duba mahaɗar katifu: idan ta buɗe, ƙaramin yatsa yana faɗawa ciki, targaɗe ko karaya ke nan. Sabon shiga yakan yi bororo a ƙasan babban yatsa a makonnin farko kafin kanta ta fito. A naɗa filasta, a rage juye-juye. Mai faso ya riƙa shafa mai da dare, ba dab da horo ba.

Tun da aka ba wa wuraren motsa jiki na mata lasisi a 2017, 'yan matanmu ma sun shiga, wasu kuma ba sa son buɗe ƙafa. Safa ta gama-gari haɗari ce, tana zamewa. Akwai mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, ita ake sawa.

Gudu a kwalta da atisaye a rufin bene dole da takalmi, domin tayil ɗin rufi yana riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Idan ɗakin horon da za ku buɗe a can gida siminti ne tsurarsa, ku bar yara da kambas mai shafaffen tafi wajen tsalle-tsalle da motsa jiki, karawa da kayarwa kuma ku kai su kan rairayin da aka tankaɗe, har ku samu katifu.